Yadda Ake Tone Asirin Babbar Lamba: Jagora da Misalin 279,972

Idan aka rubuta wa mutum lamba mai alƙaluma shida aka ce ya faɗi irinta, galibi amsarsa ba ta wuce biyu: babba ce, kuma cika ce ko mara. Alhali akwai abubuwa da dama da za a iya fitarwa daga cikinta da takarda da biro kawai. Abin da ake buƙata shi ne a san aikin da ake fara yi da wanda ake bari sai daga baya, domin akwai aiki guda wanda in ka kammala shi, kusan duk sauran amsoshin za su fito da kansu. Wannan aikin shi ne farfasa lambar zuwa ƙananan lambobin da aka ninka suka haife ta.

Za mu bi hanyar da lamba ɗaya tun daga farko har ƙarshe: 279,972, wato dubu ɗari biyu da saba'in da tara, da ɗari tara da saba'in da biyu.

Fara da sanin girmanta

Kafin ka raba komai, nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta zo kusa da taka. Ita ake kira saiwar murabba'i. A nan 500 × 500 ya ba da 250,000, ya yi kaɗan. 530 × 530 ya ba da 280,900, ya ɗan zarce. 529 × 529 kuwa 279,841 ne. Ke nan saiwar tana tsakanin 529 da 530. Rubuta wannan a gefen takarda, za ka dawo gare shi har sau biyu.

Gwaje-gwajen da ido ke yi

Alƙalamin ƙarshe 2 ne, saboda haka lambar cika ce, tana rabuwa da 2. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka 5 da 10 ba su da rabo a cikinta. Don sanin ko 4 na raba ta, dubi alƙaluma biyu na ƙarshe kaɗai: 72 ÷ 4 = 18, babu saura. Na 8 kuma alƙaluma uku na ƙarshe ake dubawa: 972 ÷ 8 ya ba da 121 da saura 4. To, 8 ba ta shiga. Dalilin wannan sauƙin shi ne 100 tana rabuwa da 4, 1,000 kuma tana rabuwa da 8, don haka duk abin da ke gaban waɗannan alƙaluman ya riga ya rabu, ba sai an dame shi ba.

Sai 3 da 9. Tara alƙaluman: 2 + 7 + 9 + 9 + 7 + 2 = 36. Tunda 36 tana rabuwa da 9, ita ma lambar tana rabuwa da 9, da 3 kuma. Ɗalibai da yawa sun haddace wannan ƙa'ida ba tare da an taɓa gaya musu dalilinta ba, kuma abin takaici ne, don dalilin gajere ne. 10 ita ce 9 da 1, 100 ita ce 99 da 1, 1,000 ita ce 999 da 1. Idan ka raba 700 da 9, ɓangaren 7 × 99 zai tafi salin alin, abin da zai rage shi ne 7. Haka kowane alƙalami yake barin kansa a matsayin saura. Jimillar alƙaluman ke nan jimillar saura.

Na 11 kuwa ana tarawa ne ana ɗebewa bi da bi: 2 − 7 + 9 − 9 + 7 − 2 = 0. In sakamakon ya zama sifiri ko wani ninkin 11, lambar tana rabuwa da 11.

Akwai wata dabara da na fi so a kan duk waɗannan, domin tana gwada lambobi uku a bugu ɗaya. 7 × 11 × 13 = 1,001. Saboda haka sai ka yanka lambar gida-gida, alƙaluma uku-uku daga dama, ka ɗebe wani gida daga wani: 972 − 279 = 693. Yanzu 693 ce za ka gwada a madadin babbar lambar. 693 ÷ 7 = 99, ta shiga. 693 ÷ 11 = 63, ta shiga. 693 ÷ 13 ya ba da 53 da saura 4, ba ta shiga ba. In lambar ta kai gida uku ko fiye, sai a ci gaba da ɗebewa da tarawa bi da bi kamar yadda aka yi wa 11.

Farfasa ta

Akwai lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu. A nan za mu kira su gagara-rabo. Duk wata lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-rabo ce, ko kuma haɗaɗɗiya ce da aka samu ta hanyar ninka gagara-rabo. Su ne tubalan da aka gina kowace lamba da su, kuma kowace lamba tubalanta iri ɗaya ne tak, ko ta wane gefe ka fara rushe ta. Tushen wannan magana yana cikin aikin Yuklid na Girka, kimanin shekara 300 kafin miladiyya, sannan Gauss na Jamus ya kafa cikakkiyar hujjarta a 1801. Lamba 1 ba a sa ta cikin gagara-rabo, don in aka sa ta, wannan ƙa'ida za ta lalace: ana iya ninkawa da 1 sau ko nawa ba tare da komai ya canza ba.

Fara da mafi ƙanƙanta, kada ka bar ta sai ta ƙi shiga:

279,972 ÷ 2 = 139,986
139,986 ÷ 2 = 69,993
69,993 ÷ 3 = 23,331
23,331 ÷ 3 = 7,777
7,777 ÷ 7 = 1,111
1,111 ÷ 11 = 101

An zo kan 101. Yaya za ka tabbatar ba ta ƙara rabuwa? Nan ne amfanin saiwa ya fara bayyana. Idan lamba haɗaɗɗiya ce, dole ɗaya daga cikin masu raba ta bai wuce saiwarta ba, domin in duka biyun sun wuce saiwar, ninkinsu zai wuce lambar kanta. Saiwar 101 ta ɗan haura 10 kaɗan, don haka 2, 3, 5 da 7 kaɗai za ka gwada. Babu wadda ta shiga, 101 gagara-rabo ce. Lura kuma cewa iyakar binciken tana raguwa duk lokacin da ka yi nasarar rabawa. Mun fara da iyakar 529, mun ƙare da iyakar 10.

Ga sakamakon: 279,972 = 2² × 3² × 7 × 11 × 101. Kafin ka ci gaba, ninka su ka gani ko za ka koma inda ka fito: 4 × 9 = 36, 7 × 11 × 101 = 7,777, 36 × 7,777 = 279,972. Kada ka tsallake wannan. Kuskure ɗaya a nan zai bi duk lissafin da ke tafe ya gurɓata shi.

In lambar ta yi taurin kai

Ba kowace lamba ce take sakin jiki haka ba. Ɗauki 282,943, wadda girmanta bai yi nisa da tamu ba. Mara ce, jimillar alƙalumanta 28, dabarar 1,001 ta ba da 943 − 282 = 661, wadda 7 da 11 da 13 duk ba sa raba ta. In ka bi gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya, 17, 19, 23, 29, sai ka gwada guda 98 duk a banza kafin ta 99 ta shiga.

Fermat na Faransa, wanda ya rayu a ƙarni na 17, yana da wata hanya ta irin wannan yanayi. Nemo murabba'i, wato lambar da ake samu in an ninka wata da kanta, na farko da ya wuce lambar: 532 × 532 = 283,024. Ɗebe lambarka daga ciki: 283,024 − 282,943 = 81, wato 9 × 9. Tunda ratar ita ma murabba'i ce, an gama: lambar ita ce (532 − 9) × (532 + 9), wato 523 × 541. Da ratar ba ta zama murabba'i ba, sai ka matsa zuwa 533, sannan 534, ka yi ta gwadawa. Hanyar tana da sauri ne idan masu rabawar biyu suna kusa da juna. In suna nesa, rabawa ɗaya bayan ɗaya ta fi ta. Shawarata ita ce ka fara share ƙananan gagara-rabo har zuwa 50 ko 100, sannan ka gwada hanyar Fermat na ɗan lokaci, in duk ba su yi ba ka miƙa wa kwamfuta.

Kada kuma ka yanke wa lamba hukuncin gagara-rabo don kawai ta gajiyar da kai. Fermat da kansa ya ɗauka 4,294,967,297 gagara-rabo ce, sai a 1732 Euler ya nuna 641 × 6,700,417 ce.

Ga lambobi masu alƙaluma ɗaruruwa, kwamfuta ba ta bin hanyar rabawa. Tana amfani da wata ƙa'ida ta Fermat: idan n gagara-rabo ce mara, ka ninka 2 da kanta sau n − 1 ka raba da n, saura 1 zai kasance. In saura bai zama 1 ba, tabbas lambar haɗaɗɗiya ce, ko da ba ka san masu raba ta ba. Amma in ya zama 1, ba a gama magana ba. 341 tana cin wannan jarrabawa alhali 11 × 31 ce. 561, wato 3 × 11 × 17, ta fi ta wayo, domin ko an sauya 2 da wata lamba, muddin ba su yi tarayya da ita a mai rabawa ba, sai ta ci. Shi ya sa ake amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda ya toshe wannan kafa. A 2002 kuma masana uku a Kanpur ta Indiya, Agrawal da Kayal da Saxena, suka fito da hanyar da ke ba da tabbataccen hukunci cikin lokacin da bai yi tashin gwauron zabi da tsawon lambar ba. Gagara-rabo mafi girma da aka gano zuwa Oktoban 2024 ita ce 2 da aka ninka da kanta sau 136,279,841 aka ɗebe 1, kuma tana da alƙaluma 41,024,320.

Masu raba ta nawa ne, kuma nawa suka tashi?

Mu koma kan 2² × 3² × 7 × 11 × 101. Ba sai ka jera masu raba lambar ba kafin ka san yawansu. Dubi sau nawa kowace gagara-rabo ta fito, ƙara 1 a kai, sannan ka ninka: 3 × 3 × 2 × 2 × 2 = 72. Dalili kuwa, duk mai raba lambar ana haɗa shi ne daga waɗannan tubalan. Wajen 2 kana da zaɓi uku: kada ka ɗauka, ka ɗauki ɗaya, ko ka ɗauki biyu. Wajen 7 zaɓi biyu ne: ka ɗauka ko ka bari. Ninkin zaɓuɓɓukan shi ne yawan masu rabawa, har da 1 da lambar kanta.

Jimillarsu ma haka take fitowa. Ga kowace gagara-rabo, tara zaɓuɓɓukanta: na 2 shi ne 1 + 2 + 4 = 7, na 3 shi ne 1 + 3 + 9 = 13, na 7 shi ne 8, na 11 shi ne 12, na 101 shi ne 102. Ninka su: 7 × 13 = 91, sau 8 ya zama 728, sau 12 ya zama 8,736, sau 102 ya zama 891,072. In zuciyarka ba ta kwanta da ƙa'idar ba, gwada ta a kan 12, wato 2² × 3. Ƙa'ida ta ce masu rabawa 3 × 2 = 6, jimilla 7 × 4 = 28. Jera su: 1, 2, 3, 4, 6, 12. Shida ne, kuma sun tashi 28.

Kammalalliya, mai yalwa, ko mai giɓi

Cire lambar kanta daga jimillar: 891,072 − 279,972 = 611,100. Yanzu kwatanta. In abin da ya rage ya yi daidai da lambar, ana ce mata kammalalliya. In ya fi ta, mai yalwa ce. In bai kai ta ba, mai giɓi ce. 611,100 ya ninka tamu fiye da sau biyu, don haka 279,972 mai yalwa ce ƙwarai. Wannan rabe-raben tsoho ne, yana cikin rubutun Nikomakus na Jarash kimanin shekara ta 100 miladiyya.

Akwai gajeriyar hanya. Duk ninkin lamba mai yalwa, shi ma mai yalwa ne. 12 ce mafi ƙanƙanta cikin masu yalwa, 1 + 2 + 3 + 4 + 6 = 16, kuma tamu 12 × 23,331 ce. Da wannan kaɗai an san ajinta tun kafin a yi dogon lissafi. Kowace gagara-rabo kuma mai giɓi ce, tunda 1 kaɗai ke rage mata. Masu yalwa na farko-farko duk cika ne, har mutum ya zaci mara ba ta yalwa, amma 945 tana nan, ita ce mara ta farko a ajin.

Kammalallu su ne masu wuyar samu: 6, 28, 496, 8,128, sai kuma 33,550,336. Ke nan babu kammalalliya ko ɗaya mai alƙaluma biyar, shida ko bakwai, kuma in lissafinka ya nuna maka ka samu, koma ka duba. Yuklid ya nuna yadda ake gina su daga gagara-rabo irin su 3, 7, 31 da 127, waɗanda kowace ninkin 2 da kanta ce aka ɗebe 1, Euler kuma ya tabbatar da cewa duk kammalalliya cika ta wannan hanya take fitowa. Zuwa 2024 an san guda 52, dukansu cika. Ko akwai kammalalliya mara, wannan tambaya ce da masana lissafi ke fama da ita har yau.

Da wannan ragowar ake gane lambobi aminai: masu raba 220, ban da ita kanta, sun tashi 284, masu raba 284, ban da ita kanta, sun tashi 220. Sabit bin Kurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu a Bagadaza tun ƙarni na 9. Tamu ba ta da aminiya, domin da tana da ita 611,100 ce za ta zama, ita kuwa rabinta da kashi ɗaya cikin ukunta kaɗai sun haura 500,000, sun wuce 279,972 nesa ba kusa ba.

Maganar murabba'i

Tun a matakin farko mun ga lambar ta faɗa tsakanin 529² da 530², don haka ba murabba'i ba ce. Akwai shaidu biyu kuma. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Sannan a cikin murabba'i kowace gagara-rabo tana fitowa ne sau cika, a nan kuwa 7 da 11 da 101 sau ɗai-ɗai suka fito. Wannan ya ba ka ƙarin amsa a kyauta: ƙaramar lambar da za ka ninka tamu da ita ta zama murabba'i ita ce 7,777.

Don sanin ko jimilla ce ta 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri, kamar 6, 10 da 15, ninka ta da 8 ka ƙara 1. In murabba'i ya fito, to haka ne. 279,972 × 8 + 1 = 2,239,777, ya ƙare da 7. Ba ta cikinsu.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce ko za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, kamar yadda 13 take 4 + 9. Ba sai ka yi ta lalube ba. Dubi gagara-rabon da ke barin saura 3 in an raba su da 4, wato irin su 3, 7, 11, 19. Idan ɗaya daga cikinsu ta fito sau mara, ba zai yiwu ba. A nan 3 ta fito sau biyu, babu laifi, amma 7 da 11 sau ɗaya kowace. An rufe ƙofa. Da murabba'i uku fa? Ƙa'idar Legendre ta ce ka yi ta raba lambar da 4 har ta ƙi, sannan ka raba abin da ya rage da 8. In saura 7 ne ba zai yiwu ba, in ba haka ba zai yiwu. 279,972 ÷ 4 = 69,993, wadda ke barin saura 1. Zai yiwu ke nan, ga shi kuwa: 522² + 72² + 48² = 272,484 + 5,184 + 2,304 = 279,972. Da murabba'i huɗu babu lambar da ke gagara, Lagrange ya tabbatar da haka a 1770.

Lambobin da ba su haɗa komai da ita ba

Daga 1 zuwa 279,972, lambobi nawa ne ba su yi tarayya da ita a mai rabawa ba in ban da 1? Wannan shi ne ƙidayar Euler. Ga gagara-rabon da ta fito sau ɗaya, ɗebe mata 1: 6, 10, 100. Ga wadda ta fito sau biyu, ninka ta da abin da ya rage bayan ɗebe 1: 2 × 1 = 2, 3 × 2 = 6. Ninka duka: 2 × 6 × 6 × 10 × 100 = 72,000.

Wannan ƙidaya tana da aiki a zahiri. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977, a kanta ya dogara. Ga 282,943 ƙidayar ita ce 522 × 540 = 281,880, amma sai wanda ya san 523 da 541 zai fitar da ita cikin sauƙi. Mayar da waɗannan biyun gagara-rabo masu alƙaluma ɗaruruwa, sai ya zama kowa na iya ganin ninkinsu amma babu mai iya farfasa shi. A 2020 ne aka samu farfasa irin wannan lamba mai alƙaluma 250, bayan aikin tarin kwamfutoci. Misalinmu ya kuma nuna abin da ya sa masu ƙera makullan ba sa zaɓar gagara-rabo biyu da ke kusa da juna: hanyar Fermat ta buɗe 282,943 a taki ɗaya.

Halin lamba da halin rubutunta

Wasu siffofin da ake jera wa lamba ba nata ba ne, na yadda muke rubuta ta ne da alƙaluma goma. Ya kamata ka ware su daban a takardarka.

279,972 tana karantuwa iri ɗaya daga hagu da daga dama. Wannan ne ma ya sa gwajin 11 ya ba da sifiri: duk lamba mai irin wannan siffa, in yawan alƙalumanta cika ne, kowane alƙalami yana soke takwaransa, don haka 11 na raba ta. Tana kuma rabuwa da jimillar alƙalumanta, 36 × 7,777, irin lambobin da Kaprekar na Indiya ya sa wa suna harshad.

Yanzu sauya mata rubutu zuwa tsarin kwamfuta mai alƙaluma biyu, 0 da 1. Nemo ninkin 2 da kanta mafi girma da bai wuce ta ba ka ɗebe, ka maimaita da abin da ya rage: 262,144, sai 16,384, sai 1,024, 256, 128, 32 da 4. Ka sa 1 a gurbin kowane da ka ɗauka, 0 a gurbin wanda ka tsallake, za ka samu 1000100010110100100. Alƙaluma 19 ne, kuma ba ta karantuwa gaba da baya. Sifiri biyun da ke ƙarshe kuwa 2² ɗin nan ne ya bayyana, kamar yadda sifiri biyu a rubutunmu na yau da kullum ke nuna rabuwa da 100. Jimillar alƙaluman 7 ce, kuma 7 na raba lambar, don haka a nan ma harshad ce, amma dace ne kawai.

A tsari mai alƙaluma 16, inda ake rubuta A a madadin 10 har zuwa F a madadin 15, sai ka tattara alƙaluman can huɗu-huɗu daga dama: 100, 0100, 0101, 1010, 0100, wato 445A4. Jimillarsu 4 + 4 + 5 + 10 + 4 = 27. Lambar ba ta rabuwa da 27, tunda 3 sau biyu kaɗai ta fito a cikinta, don haka a nan ta fita daga harshad. Ƙa'idar tara alƙaluma ma ta sauya aiki: a wannan tsari 16 ita ce 15 da 1, saboda haka jimillar tana gwada rabuwa da 3 da 5 da 15 ne, ba 9 ba. 27 tana rabuwa da 3, ba ta rabuwa da 5, daidai da abin da 2² × 3² × 7 × 11 × 101 ya nuna.